Marurun Gidanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka Garba, a nan gida ƙasar Gumel, zuwa gare ka a wurin aikin hanyar jirgin ƙasa da ke Gagarawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa ta same ka a tsaye da ƙafafunka, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin rana da sharrin abokin banza.

Bayan haka, kada ka ba kowa ya karanta maka. Ka yi karatun allo daidai gwargwado, ka iya haɗa baƙi. In ka ga rubutun ya karkace, yi haƙuri, hannun mai jan takarkari ne, wato san ɗaukar kaya, ba na malami ba. Kwana shida ina fama da ita. Da na so, da na je wurin liman ya rubuta mini da kyakkyawan hannunsa, amma maganar da ke ciki ba ta zaure ba ce. Labarin gida kuwa ba zan ɓata tawada a kansa ba. Ɗanladi mai jakai, wanda zai miƙa maka wannan, ya fi ni baki, tambaye shi ya cika maka kunne.

Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kiran sa ba, sai dai in ce kai, ko in ce yaron nan. Ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya mun yi hira ba. Haka mahaifina ya yi mini, haka na yi maka, kuma mutane suna yaba mini, wai na san kunya. Wannan kunya ce ta riƙe mini harshe ranar da ka ɗaure kayanka. Ina tsaye a bakin rumbu ina kallon ka, maganar tana maƙogwarona, na bar ka ka wuce. Sai na ga takarda ba ta da idon da za ta kalle ni da shi, na ce bari in gaya mata ta kai maka.

Na san abin da ya kore ka daga gida. Ka ce neman abin kanka za ka, amma ba shi ba ne. Tun bazarar bara na ga tafiyarka ta sauya, kana buɗa ƙafa kana taka ƙasa a hankali. In za ka zauna sai ka karkace gefe ɗaya. Ka daina hawan jaki, ka ce wai tausayinsa kake ji. Yaushe ka fara tausayin jaki, kai da ka karya sanda nawa a bayansa? Sau biyu na hango ka a tafkin yamma kana wanke wandonka da kanka, ka shanya shi a bayan sabara, alhali kana da mata a ɗaki. Ƙuraje ne a matsematsi. Sukan fara kamar ƙwayar dawa a ƙarƙashin fata, su taurare, su kumbura, su hana ka haɗa cinya. In sun fashe su zubar da mugunya mai wari, su bar tabo, kafin wannan ya warke wani ya tsiro kusa da shi. Wani lokaci har hammata sukan leƙa. Ban ga naka da idona ba, amma tafiyar nan na san ta, tawa ce shekara ashirin da biyar.

Da ciwon ne kaɗai, da watakila na ci gaba da shiruna. Amma safiyar da za ka tafi, ina bayan zana ina ɗaure akuya, na ji abin da ka ce wa matarka Asabe. Ka ce ta koma gidan iyayenta sai ka aiko. Da ta tambaye ka laifinta, ka ce, "Ke kin fi kowa sanin abin da kika kawo mini." Igiyar ta suɓuce daga hannuna. Wannan magana tawa ce, ban san inda ka tsince ta ba, don kana goye ranar da na faɗe ta.

Da za ta fita ta durƙusa a ƙofar zaure, ƙunshin kayanta a ka, ta ce, "Baba, in na yi masa laifi a gaya mini in ba shi haƙuri." Na ce mata Allah Ya yi mata albarka, ban ƙara komai ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ubanta ya zo. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Garba, ni ban zo faɗa ba. Amma yarinya tana zaune ba ta san matsayinta ba, ba ta ci, ba ta magana. In Babbar Salla ta wuce bai zo biko ba, sai mu je gaban alƙali a raba su lafiya, kowa ya kama gabansa." Yanzu saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Saboda haka ka zauna ka ji yadda na yi da nawa, ko Allah Ya sa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni nawa ya fito wata biyar da kawo uwarka, shekarar da Nasara suka shigo ƙasar nan. Lokacin na fara bin ayari, muna ɗauko kanwa daga Maigatari mu kai Kano. Tafiyar bazara ce, ga walkin fata a ɗaure tamau, ga gumi, ga tafiya tun hantsi har la'asar. A zango na uku na ji wani abu ya tsaya mini a matsematsi. Na kewaya bayan wata kuka na duba, na ga ɗan ƙurji, na raina shi. Na sa yatsa na matse, bai fashe ba. Na karyo ƙayar aduwa na tsire shi. Sannan na yi abin da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Na daka kanwa na barbaɗa a kai, don na ga haka wani abokin tafiya yake yi wa jakinsa in akumari ya ci masa baya. Ai kuwa na ga taurari da rana tsaka. Jakin ma ashe haƙuri yake yi. Kafin mu isa Kano ƙurji ɗaya ya zama uku, kuma sun haɗe ta ƙarƙashin fata, in ka danna nan ruwa ya fito can.

To, kai kada ka matse. Kada ka tsire da ƙaya ko allura ko bakin wuƙa. Kada ka yarda wani a wurin aikin nan ya ba ka kanwa ko toka ko barkono ya ce ka sa, ko da ya rantse da kabarin ubansa. Ka tafasa bagaruwa, ka bar ruwan ya huce har ya zama hannu zai iya zama a ciki, ka jiƙa tsumma mai tsabta ka ɗora, safe da yamma. In ya nuna zai fashe don kansa. Ka wanke, ka bar wurin ya bushe sarai kafin ka sa wando. Walki kuma ka rabu da shi, da duk wani abin da zai matse ka. Na ji an ce samarin wurin aikin nan sun koyi sa gajeren wando mai kauri irin na 'yan sandan Nasara. In kana da shi ka bayar.

Kuskure na biyu a wurin aski na yi shi. Ka san musulmi ba ya barin gashin mara ya yi yawa. Ni kuwa a hanya nake yi, a gaggauce, da wata tsohuwar aska da ba ta ga dutse ba tun zamanin kakana, ba ruwa ba sabulu. Duk lokacin da na yi, bayan kwana uku sai sababbin ƙuraje su tashi a jere. Na shekara nawa ban haɗa wannan da wancan ba. Ka nemi almakashi ka riƙa ragewa, kada ƙarfe ya taɓa fata. Na tambaya, an ce ya halatta ga mai lalura. Tabar da nake cusawa a baki ma, da na bar ta na ga sauƙi. Ban san dalili ba, abin da na gani nake gaya maka.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo a raina. Shekara biyu na daina shiga jam'i. Ina ganin wandona da mugunya, na ce sallata ba ta yi, kuma zan ɓata ta na kusa da ni. Sai in laɓe a gida in yi ni kaɗai, wata ma in bar ta ta wuce. Mutanen gari suka ce Garba ya je Kano ya koyo girman kai. Sai can baya, da bakina ya buɗe, na tambayi liman. Ya kalle ni ya girgiza kai, ya ce, "Haba Garba! Abin da ya zubo daga maruru don kansa, ba kai ka matse ba, ai an yi rangwame a kansa. In ya yi yawa ka wanke, ka shigo sahu. Addini bai zo don ya ƙuntata maka ba." Tambayar da ba ta kai tsawon shan ruwa ba, ita na kasa yi shekara biyu. In kai ma ka fara ja da baya daga sahu, ka koma.

Yanzu na zo kan wanda ya rushe mini gida, kuma hannuna ba ya son rubuta shi.

Muna da wanzaminmu na gida, Tanko, wanda ba ka same shi da ƙarfinsa ba. Shi ya yi mini kaciya, shi yake yi wa mahaifina aski da ƙaho. Hankali ya ce in je wurinsa. Amma na ce a raina, mutumin da yake shiga gidanmu yana fita, yana zama da mahaifina, ina zan kwance masa zariya? Sai na bari har ranar Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika, na nemi wani baƙo mai magani da ya shimfiɗa buzu a bayan 'yan raƙuma, wanda bai san ni ba, bai san ubana ba. Na tsuguna na yi masa raɗa. Ko dubawa bai yi ba. Ya ce, "Samari, ka taɓa bin matan banza?" Na ce, "Wallahi ban taɓa ba." Ya yi wani murmushi, ya ce, "To, in ba ka ɗauko a waje ba, a gida aka kawo maka." Ya ƙulle mini wani gari a tsumma, ya juya ga mai ciwon haƙori.

Garin bai yi mini komai ba, amma maganar ta shiga. Daga Maigatari zuwa gida ina tafe ina juya ta. Na tuna lafiya lau nake kafin aure. Na tuna wani ɗan kawunta da yakan zo gaishe ta daga Sule Tankarkar. Abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa na ɗauka na yi masa kai da ƙafa. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda bai zama ba.

Na daina shiga ɗakinta. Na hana ta taɓa tufafina. In ta kawo tuwo in ci ba tare da na ɗaga kai ba. Ita kuwa, Allah Ya ji ƙanta, kowace safiya sai in tarar ta ajiye mini kasko a makewayi, da ruwan bagaruwa mai ɗumi da farin tsumma a ninke. Ba ta taɓa cewa ga abin da ya sa ba. Ka san yadda na fassara wannan? Na ce, da ba ta san abin da ta yi ba, ina ta san maganinsa? Alherinta na mai da shi shaida a kanta. Wata safiya na sa ƙafa na kifar da kaskon, ya fashe. Ta fito tana goye da kai, ta ce, "Malam, me na yi?" Na ce mata abin da ka ce wa Asabe, kalma da kalma.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tsince gutsattsarin kaskon, ta share wurin. Ta zauna har ta yaye ka, don kada a ce ta bar jariri. Ranar da aka kai ka ɗakin gwaggonka, washegari ta ce in sauwaƙe mata, na sauwaƙe. Da ka tasa kana tambaya, aka ce maka zama ne ya ƙare. Ƙarya ce. Ni na kore ta, da bakina, a kan laifin da ba ta yi ba.

Lokacin mahaifina ya riga ya rasu. Ya yi jinya wata huɗu a shekara ta biyu da aurenmu, uwarka ce ta yi ta ɗawainiya da shi, ita ke dama masa kunu, ita ke wanke masa tufafi. Kafin ya kwanta, akwai ranar da na dawo daga gona na tarar da sabon buje, wandon nan mai faɗi, na farin saƙi mai laushi a rataye a ƙofar ɗakina. Na tambayi kowa, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Na sa, na ji daɗinsa, ban ƙara tunani a kai ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bayan tafiyar uwarka da kamar shekara, ciwon ya tashi mini irin tashin da bai taɓa yi ba. Muna dawowa daga Maigatari, saura kaɗan mu shigo Gumel, zazzaɓi ya rufe ni, cinya ta kumbura, na faɗi a gefen hanya. A kan takarkari aka ɗora ni kamar buhun kanwa, aka sauke ni a zauren Tanko, wurin da na shekara huɗu ina gudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kori mutane, ya kwance zariyar da kansa, ya duba. Ina jiran ya yi salati ya tofar da yawu. Sai na ji ya yi dariya.

Ya ce, "Af! Marurun gidanku ne. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Na ce, "Baba Tanko, wane gida?"

Ya ce, "Gidanku mana. Shekara talatin ina yi wa mahaifinka sakiya a daidai wannan wuri. Kakanka ma ubana ne yake yi masa. Ba ya tashi sai gemu ya fara cika, daidai lokacin da ake yi wa yaro aure. Ba a ɗaukar sa a wurin mace, ba a kuma ba mace. Kakarka ta shekara arba'in da kakanka, ko ƙurji ɗaya ba ta yi ba. Shi marigayi bai gaya maka ba?"

Na ce bai gaya mini ba.

Ya ce, "Ai kuwa ya sani. Ya zo nan ya ce mini, yaron nan tafiyarsa ta sauya. Na ce ya turo ka. Ya ce, Tanko, ɗan fari ne, da wane baki zan fara? Sai ya sa aka ɗinka maka buje."

Ya sa ƙarfe a wuta ya yi mini sakiya. An ce ihun da na yi har bakin kasuwa an ji. Suka ɗauka zafin ƙarfe ne, na bar su a haka.

Da na iya taka ƙasa na kama hanyar Sule Tankarkar, garinsu uwarka. Na makara, ta gama idda tuni, ta auri wani manomi, mutum mai sanyin hali. Na sauka a zauren wanta, na roƙa a yi mini sallama da ita. Da hantsi ta zo, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na gaya mata abin da Tanko ya ce. Ina tsammanin za ta yi mamaki, sai ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Wata huɗu ina wanke wandon Baba. Abin da na gani a nasa shi na gani a naka. Shi ya koya mini dafa bagaruwar, da ya ga ba ya iya tashi."

Na ce, "Don Allah me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Malam, in buɗe baki in ce maka na ga abin da ke wandon surukina? Na ajiye maka ruwa, na ce za ka gane. Da ka tambaye ni sau ɗaya, ko da a fakaice, da na sami hanyar faɗa. Ba ka tambaya ba, ka yanke hukunci."

Na roƙe ta gafara, ina zaune a ƙasa, wanta yana ji. Sannan ta ce, "Na yafe maka saboda yaron. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. In ya girma ka ga tafiyarsa ta sauya, ka gaya masa da bakinka. Kada ka bar 'yar wani ta sha abin da na sha." Na ce na yi alkawari. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe. Shekarar babbar yunwa ta rasu, kana da shekara tara, aka kai ka gaisuwa ba ka ma san fuskar da za ka tuna ba.

Ka ga irin mutumin da ya haife ka. Na yi alkawari ga matar da na zalunta, na ga tafiyarka ta sauya tun bara, na san ko mene ne tun ranar farko, amma na yi shiru shekara guda. Kullum in ce gobe. In ka shigo zaure in ji bakina ya yi nauyi, in tambaye ka ko an ba dabbobi ruwa. Har na je wurin maɗinki na sa ya yanka maka buje, na kawo shi gida, ina neman ranar da ba ka nan in rataye maka a ƙofa. Ina riƙe da shi a hannu na tuna wanda aka rataye mini. Da na sani ƙeya ce, a baya take, amma ni tawa ta zagayo ta tsaya mini a gaba, na kuma kusa bin ta.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Da ita aka san ɗan mutunci, kuma ba na so ka zama mai faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Amma a gidanmu ta ci aure ɗaya, ga shi ta buɗe baki za ta ci na biyu. Mahaifina ya ji kunyata, uwarka ta ji kunyar mahaifina, ni na ji kunyar Tanko, kowa ya kyauta a ganinsa, aka bar mace ɗaya ta ɗauki kayan.

Ga abin da nake so ka yi. Da fari ka nuna wa wanda ya sani. Na ce ban ga naka da idona ba, kuma ba kowane ƙurji ne namu ba, akwai masu kama da shi da suke son wani magani dabam. Ɗan Tanko, Ilu, ya gaji askar ubansa da bakin ubansa, ba a taɓa jin sirrin wani a wurinsa ba. Na kuma ji an ce akwai mai duba marasa lafiya a wurin aikinku. In zazzaɓi ya kama ka, ko kumburin ya yi ja yana yaɗuwa, kada ka jira komai, ka je a ranar. Amma kowa za ka je wurinsa, ka tabbata ya duba da idonsa. Wanda ya ba ka magani bai duba ba, ka bar masa abinsa. Kuma kada ka sa rai zai rabu da kai gaba ɗaya. Yakan tafi ya dawo, ya fi tashi da bazara, yakan yi sauƙi in shekaru sun ja. Da shi na yi noma, da shi na yi fatauci, ga ni har yau. Ciwon bai hana ni komai ba, abin da na rasa ni na jefar.

Sannan ka nemi izini wurin shugaban aikinku ka taho kafin Salla. In ya hana, ka bar masa aikin, hanyar jirgi za ta isa inda za ta ko babu kai. Kada ka biyo ta gida, ka wuce kai tsaye gidan surukanka. Ni zan riga ka zuwa in zauna da ubanta, wannan nawa ne. Amma abin da ke tsakaninka da Asabe ba mai yi maka. Ka gaya mata ko mene ne, ka gaya mata ba daga gare ta ba ne, ka janye maganar da ka faɗa, ka ba ta haƙuri. Kada ka aika gwaggonka, kada ka sayo mata zane ka ce zai yi magana a madadinka. In bakinka ya yi nauyi, na san nauyin, ka buɗe takardar nan ka karanta mata tun daga sama. Na yarda surukata ta ji abin da ke wandona, in dai hakan zai sa ta zauna a ɗakinta.

In Allah Ya ba ku ɗa namiji, ko da shi ne na fari, ranar da ka ga tafiyarsa ta sauya ka kira shi gefe.

Ɗanladi zai ba ka ƙunshi. Akwai bagaruwa a ciki, da sabulun salo, da almakashin da na saya a Maigatari. Bujen ma yana ciki, don an riga an ɗinka, kuma zai yi maka amfani. Amma wannan karon bai zo shi kaɗai ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sassauta maka abin da ka gada. Allah Ya kiyaye hanyarka, Ya kawo ka kafin lokaci ya ƙure, Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan. Allah Ya ji ƙan uwarka, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta ji cewa na cika, ko da a makare. Na ce mata da bakina zan faɗa, ga shi da alƙalami na iya. In ka iso, sauran zan ƙarasa da baki, a tabarma ɗaya.

Ka taho gida, Sa'idu. Ka ga na rubuta shi. Sa'idu, ɗana, ka yafe mini.

Haza wassalam. Daga mahaifinka, Garba.